Inshorar lafiyar dabbobin gida: abin da na gani a shekara huɗu

Shekara huɗu ke nan ina biyan kuɗin inshorar lafiya saboda kyanwoyi biyu da ke gidana, muzuru ɗaya da mage ɗaya, kuma a tsawon wannan lokaci sau uku na nemi kamfanin ya mayar mini da kuɗin magani. Ya biya sau biyu, ya ƙi sau ɗaya. Ra'ayina shi ne hidimar tana da amfani ƙwarai ga wanda ya shige ta tun dabbarsa tana ƙarama kuma lafiyarta ƙalau, amma wanda ya jira har sai da ciwo ya bayyana, kusan babu abin da zai samu a cikinta.

Mai dabba yana biyan wani adadi kowane wata ko kowace shekara, idan dabbar ta kamu da ciwo ko ta ji rauni sai ya kai ta wurin likitan dabbobi, ya biya da aljihunsa, sannan ya aika wa kamfanin rasidi da bayanin likita domin a mayar masa da wani kaso. Abu uku ne ke yanke yawan abin da zai dawo hannunsa. Akwai kason farko da yake ɗauka shi kaɗai kafin kamfanin ya sa hannu, akwai kason da kamfanin ya amince ya biya daga abin da ya rage, wanda galibi yakan zama kashi 70 ko 80 ko 90 cikin ɗari, sannan akwai iyakar da ba za a wuce ba a shekara. Idan aka ce magani ya ci 1,000 a kowane irin kuɗi, kason farko 200 ne, kamfanin kuma yana biyan kashi 80, to 640 za a mayar, mai dabba ya ɗauki 360. Mutane da yawa suna jin kashi 80 sai su ɗauka na jimlar kuɗin ne gaba ɗaya, daga baya su ga kamar an cuce su, alhali haka yake a rubuce tun ranar da suka sa hannu.

Ranar da na san darajar abin da nake biya ita ce daren da muzurun ya kasa fitsari. Na ga yana zarya zuwa akwatin yashinsa, ya tsuguna ya daɗe yana yunƙuri, ya fito yana wani irin kuka da ban saba ji ba, ya koma, yashin kuma a bushe yake. Da na taɓa cikinsa sai na ji mafitsara ta yi tauri, shi kuwa ya zabura don zafi. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, shi ya sa take toshewa fiye da ta mage, kuma idan ta toshe dattin da ƙoda ke tacewa yakan taru a jini har ya taɓa bugun zuciya, dabbar tana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. A daren aka sa masa maganin barci, aka zura masa siririyar roba aka buɗe hanyar, aka yi masa gwajin jini da ƙarin ruwa, ya kwana uku a asibiti.

Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan dare shi ne lokacin da likitar ta jero mini abubuwan da za a yi da abin da kowanne zai ci. Na san mutanen da suka tsaya a irin wannan wuri suna lissafi a zuci, suna auna ran dabbar da suka raina tun tana jaririya da abin da ke aljihunsu, wasu har suka yarda a yi mata allurar da za ta hutar da ita saboda ba su da halin jinya. Ni tambayoyina duka a kan maganin suka tsaya. Na aika takardu ta manhajar kamfanin, bayan kamar mako biyu kuɗin suka shigo daidai da lissafin yarjejeniya. Bayan wata takwas ciwon ya sake tasowa, kamar yadda yakan yi wa muzurai da yawa, aka sake biya ba tare da gardama ba. A wannan ɓangare kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ta wajen magen ne na ga ɗaya fuskar. Da girmanta na karɓe ta, kuma kafin in sa ta a inshora na kai ta a duba ta, likita ya rubuta a katinta cewa dasashinta ya ɗan kumbura. Ban ɗauki wannan layi ɗaya da muhimmanci ba. Bayan shekara guda, da aka cire mata haƙora uku, sai kamfanin ya nemi dukan tarihin lafiyarta, ya nuna wannan rubutu, ya ce ciwon ya riga yarjejeniya, don haka ba zai biya ba. Na ji zafin abin, domin a ganina ɗan kumburi daban, ruɓewar haƙori daban, na kuma rubuta musu haka tare da wasiƙar likita, amma ba su canja matsayi ba. Laifin da nake gani a nan shi ne ba a duba katin dabba a ranar shiga a gaya wa mutum ƙarara abin da aka cire, sai ranar da ya zo neman haƙƙinsa.

Tarihin hidimar yana bayyana dalilin wannan tsauri. A Suwidin aka fara ta a shekarar 1890, kuma dawaki da dabbobin gona aka nufa da ita, wato dukiya. Sai a 1924 aka yi wa kare na farko inshora a can, Birtaniya ta bi sahu a 1947, Amurka kuwa sai 1982. Har yau a Amurka dokar inshorar kadara ce ke tafiyar da ita, kuma kamfanin da ke kare kadara ba ya ɗaukar ɓarnar da ta riga ta faru. Saboda haka ne ma ake sa wa'adin jira bayan sa hannu, wato lokacin da kamfanin ba ya biyan ciwon da ya bayyana a cikinsa, wanda sau da yawa kwana 14 ne ga cututtuka, wasu kamfanoni kuma sukan kai shi wata shida ga tsinkewar jijiyar gwiwa a karnuka. Wasu ma, idan gwiwa ɗaya ta taɓa samun matsala kafin yarjejeniya, sai su cire ɗayar tun ba ta yi komai ba.

Wajen zaɓen nau'i ya kamata mutum ya fi natsuwa. Mafi araha shi ne wanda ke biyan rauni kawai, kamar karaya ko haɗiye wani abu, kuma da shi na ɗauka da muzuruna bai samu komai ba. Akwai wanda ke biyan kowane ciwo na wata 12 kacal, daga nan ya cire shi har abada. Akwai kuma wanda iyakarsa ke sabuntawa kowace shekara muddin ba a daina biya ba, shi ne mafi tsada, shi ne kuma na zaɓa, domin cututtukan da suka fi cin kuɗi su ne waɗanda ba sa warkewa, irin su ciwon ƙoda da ke yawan kama tsofaffin kyanwoyi, da ciwon suga da sau da yawa yakan buƙaci allura sau biyu a rana har ƙarshen rayuwa. Allurar rigakafi da dandaƙa da maganin tsutsa ba sa cikin tsarin asali, kuma ban ga ribar ƙara kuɗi dominsu ba, tunda abubuwa ne da mutum ya san lokacinsu, yana iya yi musu tanadi.

Abu biyu ne har yanzu ba su yi mini daɗi ba. Dole mutum ya mallaki kuɗin jinya a hannu kafin a mayar masa, sai dai idan asibitin ya yarda kamfanin ya biya shi kai tsaye, kuma ba kowane asibiti ke yarda ba. Sannan kuɗin wata yana hawa duk shekara yayin da dabba ke tsufa, mutum kuma ba ya iya komawa wani kamfani cikin sauƙi, domin sabon kamfanin zai ɗauki duk abin da aka taɓa yi wa magani a matsayin tsohon ciwo. A sabuntawar bana na ɗaga kason farko da nake ɗauka domin kuɗin wata ya sauko, na bar muzurun a inda yake saboda mafitsararsa, magen kuma na buɗe mata ajiya ta daban domin haƙoranta.