Sharhi: farautar akwatin hatimi da Atlas Quest a kwarin Shoshone

Na yi amfani da shafin intanet na Atlas Quest, inda ake wallafa kwatancen akwatunan da aka ɓoye, wajen neman wani akwatin hatimi a tsaunukan Absaroka na jihar Wayomin a Amurka, kuma a ganina shafin ya biya buƙata. Wasan ɓoye akwatin hatimi da nemo shi, wanda ake kira letterboxing da Turanci, ya samo asali ne a Dartmoor ta Ingila a 1854, lokacin da wani ɗan jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool domin baƙi su bar katinsu, amma bai bazu a Amurka ba sai bayan da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998. Wani ne ke ɓoye ƙaramin akwati mai ɗauke da hatimin roba da ɗan littafi, ya rubuta kwatance, wanda ya gano shi kuma ya buga hatiminsa a littafin akwatin, ya buga na akwatin a nasa.

Kwatancen da na samu ya bi da ni gefen kogin North Fork na Shoshone, a hanyar garin Cody zuwa gandun dajin Yellowstone, inda tarin ƙanƙara na zamanin da ya sassaƙe kawunan tsaunuka. Kusa da wurin ne Mummy Cave yake, wata rumfar dutse da masana suka tona a shekarun 1960, suka sami hawa 38 na zaman mutane da ya shafe fiye da shekara 9,000, har da gawar wani mutum da aka lulluɓe da fatar tumakin dawa. Ya burge ni da mai akwatin ya nisanta shi da rumfar, domin doka ta hana tono ko ɗaukar komai a irin wannan wuri.

Akwatin yana ƙarƙashin wani kututture, an tare shi da duwatsu. Hatimin sassaƙar hannu ne, siffar rago mai murɗaɗɗen ƙaho, kuma har sawun wuƙar ana gani a jikin robar. Sai dai murfin ya tsage, danshi ya manne shafukan littafin, na kuwa sanar da mai shi ta saƙon shafin.

Wanda zai je ya buga kwatancen a takarda tun daga Cody, saboda sabis na waya yana ɗaukewa a kwarin. Ya riƙe tawadarsa, da feshin korar dabbar beya, wadda ke yawo a wannan daji.