Keken gudu ko na gargajiya: abin dubawa kafin a biya, da maganar sirdi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa a garuruwanmu. Malaman firamare, ma'aikatan asibiti da ɗalibai da yawa sun jingine babur sun koma taka feda. Matasa kuwa idonsu ya fi zuwa kan siririn keken nan mai lanƙwasasshen kai, wanda ake kira keken gudu ko keken tsere. Keke ne mai daɗin hawa, amma kafin ka kai kuɗinka Kano, fara duba hanyar da za ka riƙa bi kullum.

Faɗin tayar keken gudu yawanci milimita 25 ne zuwa 28, wasu kan kai 32. Nauyinsa bai cika wuce kilo 10 ko 11 ba, alhali baƙin keken da muka gada, irin su Phoenix na China da Hero na Indiya, yakan kusa ninka haka. A kan kwalta, kamar titin Wudil zuwa Gaya ko na Ɗambatta zuwa Kazaure, babu mai kamo shi, kuma giyarsa na taimako sosai idan iskar hunturu ta taso maka ta gaba. Amma da ka sauka daga kwalta ka shiga yashin Gumel, Maigatari ko Ɓaɓura, siririyar tayar nan nitsewa take yi, sai dai ka sauka ka tura. Ga tsidau, wanda ko taya mai kauri bai bari ba.

Na gargajiya ya fi shi ta wajen kaya da gyara. Yana ɗaukar buhu da jarka, yana da marufin sarƙa da ke hana ta cin bakin wando ko riga, kuma duk ranar kasuwa za ka samu kayansa da wanda ya iya gyaransa. Tsakaninsu akwai keken dutse mai taya inci 26, mai kauri da giya, wanda aka fi samu a gwanjo. A ganina, wanda rabin hanyarsa yashi ne ko burji, wannan ya fi dacewa da shi. Sai dai a guji masu araha da aka cika wa sifirin gaba da baya, nauyi kawai suke ƙarawa, kuma ba sa daɗewa.

Idan hanyarka kwalta ce kuma ka tsaya a kan keken gudu, ka tambayi abin da aka yi jikinsa da shi. Na ƙarfe in ya tsage mai waldan garinku zai ɗinke maka, na alminiyam kuwa ya fi ƙarfin waldar bakin titi. Ka kuma sani cewa tayarsa, wadda ake rubuta wa 700c, ba ɗaya take da ta baƙin keke ba, ko da yake duka ana ce musu 28. Faɗin da'irar gargaren keken gudu milimita 622 ne, na baƙin keke 635, ba sa shiga juna. Don haka ka haɗo da taya da tif na ajiya tun daga birni. Bawul ɗinsa ma siriri ne, ba kowane famfo ke kama shi ba, sai ka sayi naka. Batun tsayi kuwa, ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, a samu ratar yatsu biyu ko uku tsakaninka da ƙarfen sama.

Sirdi shi ne inda mutane suka fi wahala, har wasu su sayar da keke mai kyau saboda shi. Sabon mai keken gudu yakan yi kwana uku yana jin ciwon mazaunai, sai ya cire siririn sirdin ya ɗora faffaɗa mai sifirin na baƙin keke, ko ya naɗe shi da soso da tsumma. Zaman kekunan biyu ba ɗaya ba ne. A kan na gargajiya a miƙe kake, duk nauyinka na kan mazaunai, shi ya sa faffaɗan sirdi ya dace da shi. A kan na gudu kuwa a sunkuye kake, faɗin nan sai ya riƙa gogar cinya har ta saɓule. Soso mai laushi sosai kuma ƙasusuwan zama nitsewa suke yi a ciki, sai ya taso ta tsakiya ya danne jijiyoyin gaba. Daga nan ake samun sagewar nan da maza da yawa ke jin nauyin faɗa. Ba abin wasa ba ne. Ciwon ƙashin zama na makon farko ko na biyu sabo ne yake maganinsa, amma sagewa alama ce ta a canza sirdi ko a gyara zamansa.

Ana iya auna kai a gida. Ka ɗora kwali mai kauri a kan benci, ka zauna da wando marar kauri, ka ɗan sunkuya gaba kamar kana riƙe da kan keke. Idan ka tashi za ka ga gurbi biyu. Ka auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ka ƙara kamar milimita 20, faɗin sirdinka ke nan. Yawancin sirdin keken gudu tsakanin milimita 130 ne da 155, kuma mata sun fi buƙatar mai faɗin. Mai tsaga ko kwari a tsakiya yana rage dannar gaba ga mutane da yawa. Na fata, irin Brooks na Ingila, da tauri yake farawa sannan ya bi siffar mai shi ya daɗe, sai dai yana da tsada kuma ba ya son ruwan damina. Wanda aka cusa wa roba mai taushi kamar ƙullu yana ruɗar hannu a shago, amma zafin ranarmu na saurin lalata shi, musamman in keken a rana yake wuni.

Sau da yawa ma laifin ba na sirdin ba ne, ɗaurinsa ne. Ya kwanta daidai, kada hancinsa ya kalli sama ko ƙasa. Batun tsayinsa kuwa, ka zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ya yi ƙasa gwiwa za ta yi ciwo, in ya yi sama sai ka riƙa murza jiki dama da hagu. Wando mai kaurin ɗinki a tsakiya shi ma yana ƙara ciwo a doguwar tafiya.

Da yake ba a gane sirdi a zagaye ɗaya a bakin shago, ka yi magana da mai kaya kafin ka miƙa kuɗi: "Alhaji, in na hau mako biyu bai karɓe ni ba, zan dawo da shi ka canza mini wani." Masu gwanjo sukan tara sirdi iri-iri, kuma musaya ta fi sauƙi idan an yi sharaɗin tun wajen ciniki.