Tire 18 daga wurin Baba: abincin walimarmu ta bana a Madina

Ni ne ma'ajin kwamitin walimar masu kammala karatu ta ɗalibanmu masu jin Hausa a nan Madina. Ni na yi cinikin abincin, ni kuma aka dama da kira da Baba mai abincin ya makara, don haka ina da bakin magana.

Shekara da shekaru tsarin walimar ɗaya ne. Masu digirin dakta da majista a gaba, 'yan Kulliyar Shari'a da Hadisi da sauransu a bayansu, 'yan Ma'ahad kuwa, sababbin zuwa da ke fama da koyon Larabci, su ne masu ɗauko tire da zuba ruwa, in an tashi su ci abin da ya rage a tsaye. Ni ma shekara biyu na yi ina wannan hidima, ban taɓa ganin aibunta ba, sai ran da sabon shugabanmu, wani ɗan Damagaram, ya tambaya a taro: "Wanda bai san kowa ba a garin nan, shi ya dace ya ci ƙanzo?" Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan mutum shida a tire ɗaya, kowane tire a gauraya manya da ƙanana. Wanda mukafa'arsa, wato alawus ɗin ɗalibai na wata-wata, ba ta fara shigowa ba an ɗauke masa karo-karo. Matan ɗalibai masu iyali, da a da ake kai musu saura a leda, bana aka kama istiraha, wato gidan taro na haya, mai ɓangare biyu saboda su.

Wannan tsari shi ya kai ni wurin Baba, don gidajen abinci biyu da na fara zuwa a ƙananan robobi suke zubawa, kowa da tasa. Baba Bahaushe ne haifaffen Makka. Ya ce kakansa a ƙasa ya taho aikin Hajji, ta Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, amma kowace magana sai ya rufe ta da "abshir", wato "an gama" a Larabcin Saudiyya. Tire 18 muka yi ciniki, 14 na maza, huɗu na mata, riyal 110 kowanne, ya yafe mana riyal 80 wai sadakar ɗalibai.

Shinkafar buhari ce da kaza, ta yi wara-wara, mai bai yi mata yawa ba. Amma tsiren ne ya tashi kan kowa, wanda mutanen Hijaz ke kira sire. Ƙuli-ƙulin ya ji, naman ya gasu har ciki, yajin da kansa yake haɗawa. Wani dakta daga Sakkwato, wanda ya fi kowa ƙin sabon tsarin, na gan shi yana tura wa wani yaro ɗan Kumasi yankan da ke gabansa, suna gardamar wane gari ya fi iya tsire. Tuwon shinkafa da miyar kuka ba laifi, sai dai daddawa ta yi ƙaranci. Ban ga laifinsa a nan ba, daddawa a Madina sai mai zuwa Umra ya kawo tsaraba.

Inda ya ɓata mini rai biyu ne. Mun yi da shi bayan Isha'i kai tsaye, motarsa ba ta iso ba sai da aka yi kusan awa guda, yara sun fara barci. Na biyun ya fi zafi: tire huɗun mata babu tsire ko tsinke ɗaya, yaransa sun juye shi duka a na maza. Matata ce ta aiko mini da saƙo tana tambaya ko wannan ne gyaran da muka yi ta cika baki a kai. Da na je wa Baba da ƙorafi washegari bai yi musu ba. Ya ce, "Ɗana, tun da nake ban taɓa kai wa matan ɗalibai tire ba, yaran sun ɗauka kuskure ne a lissafi." Da yamma ya aika tsire gida-gida, gida tara, bai karɓi ko halala, kwabon Saudiyya, ba.

Baɗi ma wurinsa za mu koma. Wanda zai yi oda ya faɗa masa ƙarfe takwas in ƙarfe tara yake so, kuma ya tsaya a kan yaran har su ɗora tsire a tiren mata kafin mota ta tashi.