Universal ko Hammer? Malam, ɗauki na Universal

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin tarin tsofaffin finafinan ban tsoro na kamfanin Universal na Amurka da na Hammer na Ingila, tunda kuɗin guda ɗaya ne a hannunka, ɗauki na Universal kawai, kada ka tsaya dogon nazari.

Nawa yana nan a kan kanta shekara da shekaru. Akwati ne mai faifan Blu-ray 8 da suka fitar a 2012, wani abokina ya taho mini da shi daga Landan. A ciki akwai Dracula da Frankenstein, dukansu na 1931, da The Mummy na 1932, da The Invisible Man na 1933, da Bride of Frankenstein na 1935, da The Wolf Man na 1941, da wasu biyu na baya-baya. Kusan duka baƙi da fari ne, amma an wanke hoton fes, har zaren ɗinkin da ke wuyan hannun dodon Frankenstein kana gani.

Daren da na fara saka Frankenstein a falo da hunturu ne. Hajiyarmu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ba ta jin Turanci, ba ta kuma damu da fim ba. Sai ga Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin dodon, ya shigo ta ƙofa da baya, ya juyo a hankali. Aka buɗe masa rufin ɗaki hasken rana ya sauko, ya miƙa hannaye biyu sama kamar yaron da ke son a ɗauke shi, sai aka rufe. Daga nan na lura ɓarar gyaɗa ta tsaya. Da aka zo bakin tafki, inda ƙaramar yarinya ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo a sama, furannin suka ƙare, shi kuma ya ɗauke ta ya jefa a zatonsa ita ma haka za ta yi, sai Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, wannan ai maraya ne. Wanda ya kawo shi duniya ya juya masa baya, wa zai koya masa?"

Wallahi ba ta taɓa jin sunan Mary Shelley, marubuciyar littafin Frankenstein, ba, amma ta taɓo zuciyar littafin. Shelley tana da shekara 18 ta fara rubuta shi, a 1816, a wani gida da ke bakin tafkin Janiba a Suwizalan, lokacin da ruwan sama ya tsare su a ɗaki ita da Percy Shelley da Lord Byron da likitansa John Polidori, Byron ya ce kowa ya ƙirƙiro labarin fatalwa. Littafin ya fito a 1818. Ita kanta mahaifiyarta ta rasu kwana 11 da haihuwarta, don haka ta san abin da take rubutawa. A littafin, halittar tana magana tiryan-tiryan, ta koya wa kanta karatu, tana tsayawa gaban Victor Frankenstein, wanda ya ƙirƙiro ta, ta tuhume shi da gudun nauyin da ya ɗauko. Darakta James Whale ya ƙwace mata harshe, sai Karloff ya faɗi wannan duka da ido da tafin hannu, a ƙarƙashin kwalliyar da Jack Pierce yake shafe awoyi yana ɗora masa kullum. Ko sunansa ba a rubuta a farkon fim ɗin ba, alamar tambaya aka sa. Wannan fim ɗin kaɗai, da na 1935 inda Elsa Lanchester ta fito a matsayin Mary Shelley sannan ta sake fitowa a matsayin amaryar dodon, sun biya kuɗin akwatin.

Dracula ɗinsu kuwa sai ka yi haƙuri da shi. Daga wasan dandamali aka ɗauko shi, wanda Bela Lugosi ya yi a Broadway da ke New York a 1927, ba kai tsaye daga littafin Bram Stoker na 1897 ba, shi ya sa da an bar fadar Transylvania labarin yake zaunewa a falo ana ta magana. Amma mintunan farkon nan, da yanar gizo-gizo a kan matakala, da muryar Lugosi mai karin harshen Hangari yana jan kowace kalma, ba a sake yin irinsu ba. Babu fiƙa a bakinsa, babu kiɗa a bayan hoto in ban da na buɗewa, shirun ne yake tayar maka da tsigar jiki. Akwatin ya haɗo har da na harshen Sifaniyanci, wanda wasu 'yan wasan daban suka riƙa ɗauka da daddare a ɗakunan da su Lugosi suka yi aiki da rana. Ya fi na Turancin tsawo da kusan rabin awa, kyamararsa kuma ta fi motsi.

Hammer, to, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Su suka kawo launi da jan jini cikin waɗannan labaran, Dracula ɗinsu na 1958 da Christopher Lee da Peter Cushing yana da kyau, musamman ƙarshensa inda Cushing ya ruga ta kan teburi ya fizgo labule rana ta shigo. Bayan shi da The Curse of Frankenstein na 1957, saura a wurina maimaici ne, a Dracula ɗinsu na 1966 ma Lee ko kalma ɗaya bai furta ba. Sannan shigar matan ciki ba ta kallo da iyali ba ce.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu sayarwa. Finafinan Hammer kamfanoni daban-daban ne suka rarraba su a Amurka, haƙƙin mallakarsu a warwatse yake, don haka duk wanda ya nuna maka faifai ɗaya ya ce "Hammer ne gaba ɗaya a ciki", jabu ne. Ni an yi mini haka. Na biya kuɗi ta waya kafin in gani, aka aiko mini da kwali mai hoton da aka buga a injin ofis, bayan faifan shuɗi-shuɗi irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta. Fim 12 aka cusa a ciki, hoto dishi-dishi, tambarin wata tashar talabijin a kusurwa, baki yana motsi murya tana biyo baya. Wanda aka rubuta wa Dracula a jerin ma ashe Nosferatu ne na Jamus, na 1922, marar magana, wanda kowa yake bugawa yadda ya ga dama. Na kira lambar, a kashe har yau. Na Universal ma ana yin jabunsa, saboda haka a saka maka a na'ura a gabanka, ka duba kowane fim yana kan faifansa, ka juya bayan faifan ka gani, sannan ka ciro kuɗi.

In ya iso, fara da Frankenstein, washegari ka bi shi da na 1935, ka bar Dracula sai dare na uku. Kowanne bai wuce awa ɗaya da kwata ba. Ka kashe fitilar falo, ka kuma ƙara sauti kaɗan, don tsofaffin finafinan nan muryarsu ƙasa-ƙasa take.