Yaya, a nan har damuwa sai an yi mata lissafi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kun tashi lafiya. Ya jikin Inna, ya maiɗakinka da yara, ya kasuwa?

Saƙon muryarka na ranar Juma'a sau uku na saurare shi. Mitar da kake yi a kan inshorar mota, wai abin da ake biya naira 5,000 ya koma 15,000 tun 2023, yanzu kuma ko'ina ka bi daga Kawo zuwa Kasuwar Barci sai an ce ka fito da takarda, har kana cewa kuɗin banza ne, ita ta sa ni dariyar da na daɗe ban yi ba. To bari in ba ka labarin tawa inshorar. In na gama kuma zan gaya maka dalilin shirun da na yi muku na wata uku, don igiya ɗaya ce ta ɗaure maganganun biyu.

Lasisin tuƙi na Najeriya shekara ɗaya kacal yake yi wa mutum aiki a Ingila. Da lokacin ya cika na shiga jarrabawarsu, Allah Ya ba ni sa'a a karo na biyu, na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, domin aikin kula da tsofaffi gida-gida ba ya yiwuwa a bas. Yaya, kuɗin inshorar shekara ɗaya ya fi kuɗin motar. Wallahi ba ƙari. Kuma babu zancen a lallaɓa a hau titi babu ita, don ba sai wani ya tsare ka ba. Kyamarori ne ke karanta lambar mota, su duba rumbun bayanan inshora na ƙasa kafin ka ƙifta ido. Wanda aka kama, tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisi, ana iya ɗauke motar, sabon direba irina kuwa waɗannan maki 6 sun isa a soke lasisinsa ya koma jarrabawa daga farko.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda ake yanka farashin. Ba ofis, ba wakili, ba wanda za ka ce wa "haba malam, rage min mana". Shafi za ka buɗe a waya ka cika: shekarunka, sana'arka, unguwarku, inda motar ke kwana, tafiyar da kake yi a shekara. Kafin minti ɗaya kamfanoni da dama sun jero maka farashinsu. Na'ura ce ke wannan aikin, irin ƙirƙirarriyar basirar nan da ake kira AI, an ɗura mata bayanan haɗurran miliyoyin mutane, sai ta duba waɗanda suka yi kama da kai ta ƙiyasta yadda za ka jawo musu asara. Ba halinka take aunawa ba, na maƙwabtanka take aunawa. Bradford ɗin da nake zaune tana cikin garuruwan da suka yi ƙaurin suna wajen haɗa hatsarin ƙarya, mutum ya taka birki da gangan a gabanka ka daki bayansa, ya je ya karɓi diyya. Ni da ban san hawa ba ban san sauka ba, lambar unguwa kaɗai ta ɗaga min kuɗi. Zama da maɗaukin kanwa kenan. Wata ƙungiyar ba jama'a shawara, Citizens Advice, ta fitar da bincike a 2022 da ya nuna cewa mazauna unguwannin da baƙaƙe da 'yan Asiya suka fi yawa suna biyan ƙarin fam ɗari biyu da wani abu a shekara. Kamfanonin sun ce su ba sa tambayar launin fata, kuma gaskiya ne, babu wannan tambayar a takardar. Amma wanda ya san unguwarku ai ya san kalarku.

Don a rage min, na yarda aka liƙa min wani ɗan baƙin akwati a motar. Shi ke kai rahoton gudun da na yi, yadda nake taka birki, yadda nake shan kwana, da lokacin da nake tuƙi. Kullum sai in ga makina a waya kamar ɗan firamare. Tuƙin tsakar dare yana rage maki, ni kuma rabin aikina na dare ne. Na kira in yi bayani, mai amsawa ta farko ma na'ura ce, sai da na yi ta maimaita ina son mutum kafin aka haɗa ni da wata baiwar Allah, ita kuma ta ce ba ta da ikon taɓa abin da kwamfuta ta lissafa. Ka tuna direban Baba da in ya hau hanyar Zariya kamar an koro shi? Da wannan akwatin a motarsa, kwana uku ba zai yi ba za a soke masa inshora.

Amma kada in ci amanar gaskiya, ranar da abin ya yi min rana na ga amfaninsa. Wata mata ta goge min ƙofa a wurin ajiye motoci na kanti. Babu taron jama'a, babu "ka san ko ni wane ne", babu dattijon da zai shiga tsakani ya ce a yi haƙuri a raba kuɗin gyara. Muka karɓi bayanan juna, na ɗauki hotuna na tura ta manhaja. Kafin magariba an turo min ƙiyasin gyara da garejin da zan kai. Na'ura ce ke duba hoton ta gane ko ƙofar bugawa take so ko canji, akwai ma kamfani a Landan mai suna Tractable da sana'arsa kenan. A Amurka wani kamfanin, Lemonade, ya taɓa shelar cewa ya biya diyya cikin daƙiƙa 3. Na tuna ranar da muka wuni a Panteka muna ciniki a kan fitila ɗaya. Sai dai da shekara ta zagayo an ƙara min kuɗi duk da ba ni na yi laifin ba, wai wanda aka taɓa bugawa ya fi kusa a sake buga shi. Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙara, kamfani na da mako 8 ya ba da amsa, daga nan sai hukumar sasanta ƙorafin harkar kuɗi, kuma kyauta ce. Ni dai a lokacin ba ni da ƙarfin wannan.

Ba ni da ƙarfin komai ma, kuma nan ne maganar ta biyu.

Tun rasuwar Baba da ban samu zuwa jana'iza ba wani abu ya zauna min a ƙirji. Sai hunturu ya shigo. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. In na yi aikin dare na kwanta da safe, ina tashi duhu ya sake rufewa, sai in yi kwanaki ban ga rana da idona ba. Barci ya ƙaurace, abinci ya daina daɗi, waya in ta yi ƙara gabana ya faɗi, ina zaton ko wata rasuwar ce ko wata buƙatar kuɗi da ba zan iya ba. Shi ya sa na daina ɗauka. Ba girman kai ba ne Yaya, na san an faɗi haka a gida. Sallah ma da ƙyar nake tashi, wannan kuma ya ƙara min jin cewa ni lalatacce ne.

Wata rana ina tuƙi zuciyata ta hau bugawa kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya sarƙe, hannuwa suka yi sanyi, na yi shahada na ɗauka tafiya ce ta zo. A asibiti aka auna zuciya aka ce lafiyarta ƙalau. Likitan ya ce farmakin fargaba ne, jiki ne ke buga ƙararrawar haɗari alhali babu haɗarin. Ya tambaye ni yaushe rabon da in ji daɗin wani abu. Na kasa amsawa.

A Ingila mutum na iya miƙa kansa wurin masu maganin damuwa ta hanyar tattaunawa na hukumar lafiya ta NHS, ba sai likita ya tura shi ba, kuma ba a biyan ko kwabo a wurin. Yawancin baƙi suna biyan fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza saboda lafiya, mu masu bizar aikin kula da marasa lafiya an ɗauke mana. Da na buɗe shafin, wata na'urar ce ta sake tarbata. Tambayoyi 9 a kan ciwon damuwa, 7 a kan fargaba, duk a kan mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, jin kai ba komai ba ne. Ta taran ita ce ko ka taɓa jin gara ma a ce ba ka raye. Na daɗe ina kallon wannan tambayar. Abin da zan gaya maka zai ba ka mamaki: da mutum ne a gabana, musamman Bahaushe ɗan'uwana, da "lafiya lau, alhamdulillahi" zan ce in tashi. Na'ura ba ta san gidanmu ba, ba za ta kai labari majalisa ba, babu kunya tsakanina da ita. Sai na faɗi gaskiya. Washegari mutum ya kira ni.

Layin jira ya ɗauki makonni, wannan kam aibinsu ne, kowa na kuka da shi. A tsakanin likita ya rubuta min magani, fam 9.90 ake biya kan kowane magani da aka rubuta. Ya gargaɗe ni cewa sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ya ce in riƙa shan bitamin D, don masu baƙar fata ba sa samun isasshe daga ranar ƙasar nan. Matar da nake tattaunawa da ita ba nasiha take min ba. Tana sa ni in rubuta tunanin da ke zuwa min, mu zauna mu bincike shi kamar shaidar da aka kawo gaban alƙali. Ta sa na tsara fita tafiyar ƙafa da rana ko da minti ashirin, da komawa jam'i a masallaci, da kiran mutum ɗaya a mako. Da dare ya yi tsawo na sha hira da ChatGPT, manhajar AI ɗin nan mai amsa magana, har da Hausa, Hausar tasa kamar ta baƙon da ya koya a littafi. Yana rage kaɗaici, amma duk abin da ka faɗa sai ya lallaɓa ka, ba ya ganin fuskarka, ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Wanda ya ƙwanƙwasa wani dattijo ne ɗan Pakistan da muke sahu ɗaya, da ya ga kwana biyu babu ni. Akwai kuma lambar Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin ƙunci, 116 123, kyauta dare da rana. Sau ɗaya na kira.

Yanzu ga inda igiyar ta haɗu. Da na fara samun sauƙi na nemi inshorar da ke biyan mutum wani kaso na albashi in ciwo ya kwantar da shi, saboda ku da Inna. Cikin tambayoyin har da ko an taɓa duba ni a kan damuwa ko fargaba. Na ce e. Nan take farashi ya canza, aka kuma rubuta cewa duk abin da ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa ba ya ciki. Wato gaskiyar da na faɗa wa waccan na'urar ta cece ni, wannan kuma ta ci ni tara a kanta. Shaiɗan ya raya min in koma in ce a'a, amma in suka gano daga baya suna iya hana diyyar gaba ɗaya, ga kuma zunubin ƙarya. Na bar shi haka. Na dai shiga asusun jana'iza na masallacinmu, kowa na zuba wani abu a shekara, wanda ya rasu a yi masa sutura. Adashi ne sak, babu wanda ya tambaye ni ko ina barci.

Game da taka inshorar, kada ka saya a hannun yaran da ke tare mutane a bakin ofis. Ka duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya, ka tabbatar ta gaske ce, don ta gasken tana biyan har naira miliyan 3 in ka lalata dukiyar wani. In zuciyarka ba ta kwanta da ita ba saboda addini, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz da Noor. Inna kuma a bincika mata rajistar KADCHMA, inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, ni zan biya.

Sai maganar Auta, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta duk wannan. Ka ce tun da aikinsa ya tsaya ya shige ɗaki, ba ya wanka sai an yi faɗa, ya rame, Inna na cewa sammu ne, kai kana cewa lalaci ne. Yaya, duk abin da ka lissafa na yi shi a nan, bambancin kawai babu wanda ya gani. A ci gaba da addu'a da ruƙiyya, ni ma ban bari ba, amma a haɗa da asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana nan Barnawa, ba sai an yi tafiya ba. Na san sunan da mutane ke kiransa da shi, na san za a ce wa zai ba shi mata in aka ji. Dokar 1958 da ke ɗaukar irin waɗannan marasa lafiya kamar abin ɗaurewa ma an sauya ta, Buhari ya sa hannu a sabuwa a farkon 2023, bakin mutane ne bai sauya ba. Kada ka aika yaro ya raka shi, kai za ka kai shi da kanka, kuma kada a yi masa taron dangi a kai. Kafin nan ka shiga ɗakin ka zauna, ko ba zai yi magana ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, ni an yi min ita kuma sauƙi na ji. In ya ƙi zuwa, ka ba shi wannan wasiƙar ya karanta, ban damu ya san nawa ba. Inna dai a bar ni in gaya mata da bakina.

Mai zuwa ƙarshen wata zai taho min da saƙo. A sa kuka da kuɓewa busasshiya da yajin Inna, ban da kilishi, ƙwace shi suke yi a filin jirgi. Ranar Lahadi ina hutu, ka kira ni bayan la'asar ɗinku, yanzu kuna gabanmu da awa ɗaya. Zan ɗauka.

Ƙaninka.