Rumbun MAST: Bayanan Webb Kyauta, Amma Ku Tanadi Data

Ɗalibin kimiyya a Birnin Kebbi ko Aliero da ke son ganin yadda ake gano iskar gas a wata duniya, ya nufi rumbun MAST na cibiyar STScI da ke Amurka. Nan ake ajiye abin da madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya ɗauko, kuma ba a biyan ko sisi.

Ku fara da WASP-39b, wata duniya da ke zagaya wani tauraro can nesa. Idan duniyar ta gifta gaban tauraronta, tana tare kusan kashi 2 cikin 100 na haskensa, wani ɗan haske kuma ya ratsa iskarta. Kowane gas yana shanye nasa launi. A 2022 NIRSpec, na'urar Webb mai rarraba haske launi-launi, ta nuna kabon dayoksaid a maikuron 4.3 (ma'aunin tsawon zangon haske), ga tudu ɓaro-ɓaro a jadawali, sai ɗan ƙaramin tudun salfa dayoksaid kusa da maikuron 4. Wannan ƙaramin shi ne abin burgewa, domin hasken tauraron ne ke haɗa gas ɗin.

Inda ake tuntuɓe shi ne zaɓen fayil. Masu alamar uncal ɗanyu ne, nauyinsu ya kai gigabait da yawa, za su cinye data kafin a kai rabi. Ku sauke masu alamar x1dints, an riga an tace su, ku buɗe da Python. A kula, a yanayin PRISM, ɗaya daga tsarin aikin NIRSpec, haske ya yi wa na'urar yawa a gajerun zango, kada a ɗauki wannan gurɓata a matsayin gas.

Wasu sababbin bayanan a kulle suke har shekara guda. Na WASP-39b na 2022 a buɗe suke tun farko.