Swing Kids: Samarin Hamburg da Suka Ƙi Barin Kiɗansu

Na kalli Swing Kids, fim ɗin 1993 wanda Thomas Carter ya ba da umarni, kuma duk da aibobinsa ina son mutane su neme shi. A birnin Hamburg na Jamus labarin ya faru, a 1939. Wasu samari ne son kiɗan swing, wani salon kiɗan jazz na Amurka, ya shiga jininsu, suna tara faya-fayen su Benny Goodman da Count Basie, suna barin suma, da dare su cika gidan rawa. Gwamnatin Nazi kuwa ta tsani kiɗan, tana cewa na baƙar fata ne da Yahudawa.

An kama Peter, ɗaya daga cikin samarin, da satar rediyo, aka tilasta masa shiga ƙungiyar matasan Hitler. Amininsa Thomas ya bi shi ciki don kada ya bar shi shi kaɗai, da tunanin za su sa kaki da rana, su yi rawa da dare. A nan fim ɗin ya kama ni. Christian Bale, wanda ya fito a Thomas, ya nuna yadda ake sauya yaron kirki sannu a hankali. An yaba masa, an koya masa dambe, an ba shi girman da bai samu a gida ba, har ya kai ƙarar mahaifinsa da bakinsa. Ban ji tsanarsa ba, tausayi ya ba ni, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Abokinsu Arvid, gurgun da ke kaɗa jita, shi ne jarumina. Matasan Hitler sun farfasa masa hannu, ya koma kaɗawa da yatsu biyu irin na shahararren makaɗin jita Django Reinhardt, kuma ya ƙi yi wa sojoji waƙar da suka nema a bainar jama'a.

Inda fim ɗin ya gaza, wahalar Yahudawa daga nesa kawai ake hangenta, alhali ita ce babbar masifar lokacin. Kuma abin da ya faru a zahiri ya fi na fim muni: a watan Agusta 1941 an kama matasan swing sama da 300 a Hamburg, a Janairu 1942 Himmler, shugaban 'yan sandan Nazi, ya ba da umarnin a tura jagororinsu sansanonin gwale-gwale, wasu suka ƙare a sansanin tsare samari na Moringen. Da an shigar da wannan, da ƙarshen ya fi nauyi.

Akwai duka da kisan kai a ciki, don haka ba na ƙananan yara ba ne.